Wankin madabod da ruwa: yadda ta kaya da kwamfutoci 12 na wata makaranta a Kano

A tsakiyar hunturun bara wata Hajiya mai makarantar kuɗi a yankin Ɗorayi ta kira ni a waya. Ta ce tana da kwamfutoci 12 jibge a sito, sun fi shekara uku ba wanda ya kunna su, tana so a tashe su kafin lokacin JAMB. Tun 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, ga shi rabin 'yan ajin ƙarshe na makarantar ba su taɓa riƙe linzami ba. Waya kam sun iya ta kamar da ita aka haife su, amma a zaunar da yaro gaban kibod, agogo na cin mintunansa a saman allo, sai ka ga hannu na rawa. Kuɗin sayen wasu kwamfutocin babu. Na ƙasa za a lallaɓa.

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a wajejen titin Beirut, na kuma sha wanke madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke manne a kai, wanda muke ce wa bod a taƙaice, jefi-jefi, amma ban taɓa haɗa shida a lokaci guda ba sai a wannan aikin. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda aka yi, da inda muka dace da inda muka tafka. Har gobe in ka ce wa mutum ka wanke bod da ruwa kallon mai taɓin hankali yake maka. Wani kuma da ya ji an ce ana yi, sai ya je ya tsoma nasa a bokitin omo da hantsi ya jona da la'asar.

Abin da muka tarar a sito

Siton ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan ajujuwa. Bango ɗaya ya raba shi da ɗakin janareta, kuma bangon bai kai rufi ba. A kusurwa guda kwano na yoyo, ga shatin ruwan daminar da ta wuce ya sauko a jikin bango. An tara kwalayen alli, tsofaffin rajistoci, da ragowar buhun masara da maigadi ya ajiye. Ina ganin masarar nan na san da wa za mu haɗu a ciki.

Yaron shagona ya kwance murfin kwamfuta ta farko, zarni ya doke mu. Ƙurar da ke kan bod ɗin ba irin wadda ake hurawa ta tashi ba ce. Baƙa ce, mai danƙo, in ka shafa da yatsa sai ta murɗe kamar dauɗar wuyan riga. Hayaƙin janareta ne ya haɗu da garin alli da ƙurar hunturu uku, damina uku ta jiƙa su, rana ta gasa. A tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zanzaro ya gina ɗaki har biyu. Kashin kyankyaso kamar an barbaɗa masoro. A kusurwar akwatin kuwa ɓera ya yayyage wata takardar jarrabawa ya yi shimfiɗa, har ana iya karanta rabin tambayar lissafi a jiki.

Dukkansu 'yan Beljiyom ne, biyar masu furosesa Pentium 4, bakwai masu Core 2 Duo, duk a kan soket ɗin LGA 775, wato gurbin da furosesa ke zama a jikin bod. Soket ɗin ya fito a 2004, Core 2 Duo kuma a 2006, to ka ga shekarunsu sun yi daidai da na ɗaliban da za su zauna a gabansu, wasu ma sun girme su. Amma don gwajin tambayoyin jarrabawa da koyon buga rubutu, ba tare da intanet ba, sun isa har da ragi.

Yarona ya jawo bulowa, injin hura iska, zai jona, na ce masa ya ajiye. Zazzabin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma a Najeriya da rani ya fi tashi, daidai watannin da muke ciki. Ka ɗauki bulowa ka hura busasshen kashin ɓera a cikin ɗan ɗaki, ka mayar da shi ƙurar da kai da yaran makaranta za ku shaƙa, wannan ba gyara ba ne. Muka sa takunkumi da safar hannu, muka fito da su tsakar makaranta, muka jera su a inuwar dalbejiya, sannan na fara tantancewa.

Huɗu da suke saman tebur, nesa da yoyo, ƙurarsu busasshiya ce kuma ba alamar ɓera. Waɗannan ba su da bukatar ruwa ko ɗigo, iska da buroshi sun wadatar, kuma ni ba na wanke bod ɗin da iska za ta iya tsaftacewa. Biyu da suke ƙasa, daidai inda ruwan yoyo yake taruwa, sun riga mu gidan gaskiya: tsatsa kore-kore ta cinye siraran hanyoyin tagulla da ke jikin bod ɗin, in ka kankara da farce sai ka ga wayam a ƙasa. Wanka ba ya mayar da abin da tsatsa ta ci. Muka cire musu ram, wato katin ma'ajiyar wucin gadi, da furosesa, sauran na 'yan jari-bola ne. Shida suka rage a tsakiya: datti mai danƙo, zarni, amma hanyoyinsu lafiya lau. Su ne 'yan wanka. Da gangan na ƙi jona ko ɗaya don in ga ko tana tashi, domin bod mai gishirin fitsari a jiki, ba shi wuta daidai yake da ba jiƙaƙƙe wuta.

Da na gaya wa Hajiya abin da zan yi, sai ta sauke tabarau.

"Injiniya, ruwa fa ka ce? Ni da na san ko shayi ya zube wa laftof an gama?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, laftof ɗin da shayi ya zube wa a kunne take, batir na ciki, shayin kuma da sukari da madara. Waɗannan za mu raba su da wuta gaba ɗaya tukuna."

"To in suka mutu fa?"

"Hajiya, yanzun ma ai ba rai gare su ba."

Ta yi dariya ta ce in je in yi, amma in sani ba a fafe gora ranar tafiya, mako biyu ta ba ni.

Dalilin zaɓar ruwa

Masu gyaran waya a Farm Centre da sifirit da buroshi suke aiki, kuma a wurinsu daidai ne, don bod ɗin waya bai fi tafin hannu ba, dattinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma sifirit maiƙo yake narkarwa. Gishiri ba ya narkewa sosai a cikinsa, kuma abin da fitsarin ɓera da zufar damina suka bari a jikin waɗannan bod ɗin gishiri ne. Za ka ƙarar da kwalba guda kana gogawa, kana dai tura shi ne daga wannan lungu zuwa wancan. Gishirin nan da rani yana kwance shiru. Da iska ta yi laima sai ya jawo danshi ya zama hanyar wuta tsakanin ƙafafu biyu da bai kamata su san juna ba. Ruwa ne kaɗai ke ɗauke shi ya fita da shi.

Fetur da tina kuwa, da wasu ke wanke bod da su, ban ga ranarsu ba. Tina na cin roba da rubutun jikin kaya, fetur na barin maiƙo, ga haɗarin gobara a shagon da ake liƙin dalma.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ruwa ba baƙon bod ba ne tun daga masana'anta. Da can da wani sinadari mai suna CFC-113 ake wanke ragowar man liƙi bayan an gama haɗa bod. Da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina amfani da irin waɗannan sinadarai saboda illarsu ga sararin samaniya, sai masana'antu suka koma ko dai ga man liƙin da ba ya bukatar wanki, ko kuma wanki da ruwan da aka tsame wa ma'adinai tas. Jikin bod zaren gilashi ne da danƙo mai tauri, ayisi, wato baƙaƙen ƙwayoyin lantarkin da ke manne a jikinsa, a rufe suke cikin baƙar roba, kafasitoci, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, a toshe suke da roba ta ƙasa. Wankan minti biyar ba ya shiga cikinsu.

Abubuwa biyu ne ke kashe bod a wanka. Ɗaya wuta, alhali da sauran danshi. Ɗaya kuma abin da ruwan ya bari bayan ya ƙafe. Mu duka biyun sai da suka same mu, kowanne da lokacinsa.

Wane ruwan?

A nan Kano wannan tambayar ta fi ta sabulu nauyi. Unguwanni da yawa ruwan Tamburawa da Challawa ba ya isa gare su, da ruwan burtsatse ake rayuwa, wanda 'yan ga-ruwa ke turowa a kura. Shagona ma haka. Ruwan nan garai-garai yake a ido, amma duk mai butar dafa shayi ya san farin ɓawon da ke kamawa a gindinta. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya yarda da har miligiram 500 na narkakkun ma'adinai a lita ɗaya, wato rabin giram. Ga cikin ɗan Adam ba komai ba ne. Ga gurbin ram na DDR2 mai ƙafafu 240 a layi biyu, kowace tazararta da 'yar'uwarta milimita ɗaya, abu ne babba.

Na nuna wa yarona da gwajin da ba ya cin ko sisi. Na goge gilashin wata tsohuwar sikana, na ɗiga ruwa uku a jere: na ga-ruwa, na leda, da tataccen ruwan da ake zuba wa batirin mota. Muka sa a rana. Kafin mu gama cin ƙosai sun ƙafe. Na ga-ruwa ya bar farin zobe da ake gani daga tsaye. Na leda ya bar ɗan shati siriri, sai ka karkata gilashin. Na batir kuwa ko wurin da aka ɗiga ba ka ganewa. Na ce masa, "Zoben nan da ka gani, shi zai kwanta a ƙarƙashin kowane ayisi."

Sai dai a kula da ruwan batir. Masu cajin batir suna ajiye tataccen ruwa, suna kuma ajiye mai asid, wani lokaci a jarkoki iri ɗaya, duk kuma ruwan batir ake ce musu. Ni kafin in yarda da kowane, sai na ɗiga shi a kan ɗan gutsuren kanwa. In ya yi kumfa yana tsuwa, asid ne, a mayar wa mai shi. In ya jiƙa kanwar kawai ya yi shiru, to sai gwajin gilashi. Na sayi lita goma, a lissafina za ta isa.

Tsarin da na yi shi ne wanki da ɗaurayar farko da ruwan ga-ruwa, tunda shi ne mai araha kuma datti yake da yawa, ɗaurayar ƙarshe kuma da tataccen ruwa, a kwarara shi sosai ya kori na farkon kafin ya bushe.

Wankan

Ranar Talata muka fara, a bayan shago. Kafin komai na ɗauki hoton kowane bod gaba da baya, saboda 'yan takardun lamba da ke manne a jiki ruwa na ɗaye su, kuma a tuna inda kowace waya take. Sai cire-cire: ram, furosesa, fanka, ƙarafan sanyaya, sannan ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Shi ne wanda aka fi mantawa. Bolt 3 ne kacal, amma shi ke riƙe da agogon kwamfuta ko an cire ta daga wuta, kuma bolt 3 a cikin ruwa mai gishiri sun isa su fara cin ƙarfe. Batiran duka shidan sun mutu tuntuni, duk da haka sai da na sa aka cire, don hannu ya saba.

Akwai abubuwan da ba sa zuwa kusa da baho. Na farko fawa-fak, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta: manyan kafasitocin da ke cikinsa na riƙe fiye da bolt 300, kuma taransifomarsa na shan ruwa ta ƙi saki. Had dis yana da 'yar kafar numfashi. Fanka in ta sha ruwa man cikinta ya tafi, bayan wata guda ta fara kukan jirgi. Waɗannan goga ce da ƙyalle da iska. Akwatunan ƙarfen su muka wanke da ruwan bilic saboda ɓera, amma bilic bai taɓa bod ba, don yana cin tagulla.

Wurin da na fi tsoro shi ne soket. A LGA 775 ƙafafun ba a jikin furosesa suke ba, a cikin soket suke, guda 775, sirara kamar gashin gira, kowace a ɗan karkace. Gashin buroshi ɗaya ya sarƙe a ciki ka ja, ka lanƙwasa goma. Na yanka 'yar roba daidai bakin na rufe da makullin soket ɗin, na ce wa yarona nan wurin ruwa ne kawai zai bi ta kai, hannu ba ya zuwa.

Baho biyu na roba, ruwa mai ɗumi irin wanda za ka yi wa jariri wanka da shi, ɗigo uku na sabulun ruwa na wanke-wanke. Ban da omo, don garin wanki cike yake da gishirin soda, kai da kake korar gishiri ba ka gayyato wani ba. Na tsoma bod na farko, na bar shi kamar minti biyu dattin ya jiƙa, sannan na bi shi da buroshin fenti mai laushi, lunguna kuma da tsohon buroshin haƙori. Ruwan ya koma kamar kunun kanwa da ya sha toka. Ɗakin zanzaro ya narke ya bar 'yan tsutsotsi busassu suna yawo a sama. Can sai ga koren bod ya fito, da fararen rubuce-rubucensa, har da sunan kowace ƙafa da ba a gani da. A kusa da gurbin ram akwai wani rawayan tabo inda ɓera ya fi yawan tsugunawa, shi sai da na koma masa sau uku kafin zarnin ya bar shi.

Ba na barin bod ya wuce minti biyar a ruwa. Daga bahon sabulu sai na ɗauraya, a girgiza shi a ciki, a canja ruwa, a sake. Sannan a riƙe shi a karkace a kwarara tataccen ruwa daga sama, a bi guraben ram, da na kati, da ramukan USB da na monita, da ƙarƙashin manyan ayisin nan biyu da ba su da ƙafafu a gefe, a kan 'yan ƙwallayen dalma suke zaune. Bayan haka sai sifirit mai ƙarfi, aisofurofil mai kashi 99 cikin 100, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Na kemis da ruwa a cikinsa, wani har da launi. Aikin sifirit a nan shi ne ya cakuɗu da ruwan da ya maƙale a lungu ya fito da shi, tunda ya fi ruwa saurin tashi. Sai bulowa, yanzu da ba abin da za ta watsa sai ɗigon ruwa. Ka hura ta gefen ayisi ka ga ruwa na fitowa ta ɗaya gefen, ka yi ta yi har ya daina.

A bod na shida tataccen ruwa ya ƙare. Magariba ta kawo jiki, mai batir ya rufe. Na dubi bod ɗin na ce ai sifirit zai ƙarasa aikin, na ɗauraye shi da ruwan ga-ruwa, na fasa leda biyu na bi da su, na zuba sifirit. Na san abin da gilashi ya nuna mini da safe. Gajiya ce kawai.

Ruwan wankin ba mu zuba a kwatar da yara ke wasa ba. Tsofaffin bod irin waɗannan, musamman na kafin 2006, dalmar da aka liƙa su da ita mai guba ce, ga kuma kashin ɓera. Muka zuba masa bilic muka juye a masai, bahon kuma ya zama na shago har abada, ba zai koma gida ba.

Shanya

Hunturu na da kirki wajen shanya, yana kuma da mugunta iri biyu. Iskar da ke taso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi busasshiya ce ƙarau, tana tsotse danshi kamar yadda take tsotse leɓe. Amma ita ce kuma za ta shafe maka jiƙaƙƙen bod da sabuwar ƙura cikin awa ɗaya in ka bar shi a buɗe. Muka jingina su a tsaye cikin manyan kwalaye, bakin guraben na kallon ƙasa, muka rufe da yadin labule mai shara-shara. Da rana suna waje, da dare a ciki, in an kawo wuta mu kunna musu ƙwan fitila mai wat 60, irin na da mai zafi da masu kiwon kaji ke sa wa 'yan tsaki. Ɗumi ake so, irin wanda hannu zai iya jurewa. Na'urar hura zafi ta cire ayisi ba ta da aiki a nan.

Mugunta ta biyu ita ce wutar jiki. Wanda ya taɓa cire rigar sanyi a duhu cikin hunturu ya ga tartsatsi ya san ta. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da 100 na iya lalata wani ayisin. Don haka a gefe ake riƙe bod, a taɓa ƙarfen ƙofa kafin a ɗauka, ba a kuma ɗora shi a kan darduma ko bargo.

Wanda muka rasa

Ranar Laraba na tafi Sabon Gari neman kafasitoci, don biyu daga cikin 'yan Pentium 4 ɗin kawunan kafasitocinsu sun kumbura, ɗaya har ta yi aman ruwan ƙasa-ƙasa. Cuta ce sananniya ga kayan da aka ƙera tsakanin 1999 da wajejen 2007, ruwan sinadarin da aka zuba a cikin kafasitoci masu yawa na lokacin bai yi kyau ba. Wanka ba ya warkar da ita, sai canji.

Na dawo bayan azahar na tarar da yarona tsaye ya yi tsuru-tsuru, bod ɗaya a kan tebur da fawa-fak a jone.

"Oga, wallahi ta bushe. Na taɓa ko'ina."

"Ka taɓa ƙarƙashin ayisi?"

Shiru.

So yake in dawo in tarar da ita tana nuna hoto, ya burge ni. Ya haɗa komai, ya jona, sai aka kira salla, ya tafi ya bar ta. A tunaninsa tunda bai danna maɓalli ba, a kashe take. Amma fawa-fak, da zarar an jona shi a bango, yana tura bolt 5 ta wata waya mai launin shuni, ko kwamfuta na kashe, don da wannan wutar ce maɓallin kunnawa yake aiki. Kusan awa ɗaya wutar nan tana bi ta cikin ɗan ruwan da ya rage a ƙarƙashin ayisin da ke kula da USB da had dis. Wuta in ta bi ta ruwa tsakanin ƙarafa biyu, tana gutsurar ƙarfe daga wannan ta kai wa wancan, har ta gina siririyar gada. Da ya dawo ya danna, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya.

Na sa bulowa a gefen ayisin, sai ga ɗigo biyu sun leƙo ta ɗaya ɓangaren. Muka ba shi kwana uku ya bushe sosai, ko Allah zai sa a dace. Da na sake jonawa, kafin in ƙirga goma ayisin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Canja irinsa sai injin ɗaga ayisi, kuɗin aikin kuma ya fi kuɗin bod ɗin. Ya bi 'yan'uwansa biyu zuwa buhun jari-bola.

Na yi masa faɗa, amma da na kwanta na ga rabin laifin nawa ne. Cewa na yi "sai sun bushe". Bushewa kuwa ido da yatsa suke yanke hukuncinta, su kuma saman bod kawai suke gani. Da cewa na yi "sai Juma'a bayan masallaci", da ba abin da ya faru. Tun daga ranar, duk abin da aka wanke a shagona ana manna wa kwalinsa tef a rubuta ranar buɗewa: kwana uku da hunturu ko bazara, mako guda da damina.

Ranar Juma'a muka haɗa biyar ɗin. Sabon CR2032, sabon man furosesa, ƙafafun ram an goge su da abin goge fensir har suka yi ƙyalli. Uku suka tashi a bugun farko, da ɗan ƙaran nan guda ɗaya da duk mai gyara ke jira. Biyu masu kumburi sai da na canja musu kafasitoci, sannan suka biyo baya. Da huɗun da iska kawai suka sha, tara ke nan cikin 12. Na bar su a kunne kwana biyu a shago, iya wutar da aka samu da ta janareta, kafin na mayar. Hajiya ta sa an share wani aji mai silin, an jera su, an manna musu lamba 1 zuwa 9. Yara suka yi ta gwaji rukuni-rukuni har lokacin jarrabawa.

Watan Agusta

Ana tsakiyar marka, makarantar na darasin hutu, sai ga wayar Hajiya.

"Injiniya, lamba 7 ta fara iskanci. Da safe ba ta tashi, sai ƙara take yi. In rana ta ɗaga kuma sai ta kama aiki kamar ba ita ba. Malamin kwamfuta ya ce wai ko aljanu ne."

Tun kafin ta rufe baki na san ko wace ce. Na duba hotunan da ke wayata, lambar jikin bod ɗin ta yi daidai da na shida, wanda na ɗauraye da ruwan ga-ruwa. Sauran takwas ɗin, da waɗanda suka sha tataccen ruwa da waɗanda ba a wanke ba, ko tari ba su yi ba.

Na je da sassafe bayan an kwana ana ruwa. Na cire ram na haska tocila a cikin gurbin, sai ga shi: farin shati kamar an busa garin rogo, a gindin ƙafafun, da wani a bayan bod ɗin inda ruwan ya gangara ya tsaya. Wata bakwai yana nan bai ce komai ba, saboda iska a bushe take. Da laimar Agusta ta sauka sai ya jiƙe ya fara ɗaukar wuta tsakanin ƙafafun ram, in rana ta yi zafi ya bushe ya saki. Sifirit ɗin da na dogara da shi ya kwashe ruwan ne ya bar mini gishirin a wurin. Sa'ar da aka yi, bai kai ga cin ƙarfe ba.

Na gaya wa Hajiya gaskiya, cewa ni na yi ƙoron ruwa a kan wannan ɗin, kuma ba za ta biya komai ba. Ta ce, "Wato wanka biyu za ta yi, kamar amarya." Na ɗauko bod ɗin zuwa shago. Wannan karon ba sabulu, tataccen ruwa zalla, lita uku a kansa shi kaɗai, da buroshin haƙori a cikin gurbin ram, sai sifirit, sai bulowa. Ya kwana bakwai a kwali da ƙwan fitila, yarona da kansa ya rubuta ranar a tef, ya kuma ɗora kwalin a saman kanta inda hannunsa ba ya kaiwa sai da kujera.

Na mayar da ita wata safiyar Litinin ana yayyafi, da gangan, don in ga abin da za ta yi a irin yanayin da take ƙi. Ta yi ƙara ɗaya ta kawo hoto. Na leƙa sito kafin in tafi: an ɗauke masarar, an toshe yoyon, bangon janareta dai har yanzu bai kai rufi ba. A aji kuwa telan makaranta ya ɗinka wa kowace kwamfuta riga da ragowar yadin yunifom, shuɗi mai ratsin fari. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗage wa lamba 7 tata rigar, ta ja kujera, ta fara neman harafin farko na sunanta da yatsa ɗaya.